Addar Da Na Ɗaura Wa Hannun Gem

Edita, ina yi maka sallama tare da fatan kai da masu karatu kuna cikin ƙoshin lafiya. Ina roƙon ka buga wannan labari ba tare da sunana ba, don a garinmu duk wanda ya san labarin ya san ni.

Ni Barunde ne gaba da baya, fawa na gada wurin mahaifina a Talata Mafara. A lokacin da abin ya faru ni saurayi ne mai ji da ƙarfi, ga baki, ga son a yabe ni. Tun ban kai tsawon teburin nama ba nake riƙe adda, har ta kai idan na sari ƙashin sa ba na maimaitawa. Baba yakan ce hannuna ya fi kaina sauri, ni kuwa a wauta tawa na ɗauka yabona yake yi.

Ina da aboki mai aski wanda shagonsa ke kusa da rumfarmu. Mutumin Gidan Goga ne. Ya taho Mafara da tsohuwarsa bayan wani hari da aka kai masu, inda ya ga an sassare mutanen da ya tashi tare da su, shi kuwa Allah ya fitar da shi ko ƙwarzane babu. Da kilifar aski ɗaya ya fara, kuma da ita yake ciyar da tsohuwar. Shi mai sanyi ne, ni mai zafi, amma ba mu rabuwa. Yakan tsokane ni cewa ranar da na mutu ƙudajen kasuwa za su fi kowa kuka, ni kuma in ce ai shi ma da gashin mutane yake cin tuwo.

Sai wani ɗan Maradun da ya yi zaman birni ya buɗe gidan gem a bayan kasuwa. Nasa ba irin na latse-latse da yatsa ba ne. Hannun gem ɗin kamar rimot yake, da igiyar da ake zura wa wuyan hannu. Mutum biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa gaban talabijin, duk yadda ka kaɗa hannunka haka jaruminka zai yi a ciki. An tattaro jaruman ne daga wasanni da katun daban-daban, waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba, aka zuba su fili ɗaya: akwai mai takobi, akwai ɗan dambe, akwai wani ƙaton ƙarfe, har da wata 'yar halitta mai tumbi da ke jifa da 'ya'yan itace. Ni dai kullum mai takobi nake ɗauka. Abokina kuwa 'yar mai tumbin yake zaɓa, ya ce shi takobin da ya gani da idonsa ya ishe shi har ya koma ga Allah.

Abin haushin, da wannan 'yar abar yake cinye ni. Ni da ake tsoron sarata a kasuwa, a ce mai aski ke jefe ni da mangwaro har in faɗi, jama'a na shewa! Na yi ta tunani har na gano matsalar: hannun gem ɗin ya yi mani rashin nauyi, hannuna bai saba kaɗa iska ba. Rannan sai na zo da addata ta sarar ƙashi, na naɗe kaifin da tsumma, na ɗaure hannun gem ɗin a ƙotarta da robar ɗaurin kaya. Mai gidan ya ce bai yarda ba, amma da ya ga yadda ɗakin ya cika da masu kallon Barunde da addarsa, sai ya yi shiru. Kuma wallahi dabarar ta yi aiki. Na shiga cinye kowa, sunana ya kai har Bakura, samari na hawo babura don su gwada ni.

Ranar wata Talata, kasuwa ta ci ta fara watsewa, na tashi daga rumfa kai tsaye na nufi gidan gem, addar a washe tun safe. Tsumman na manta shi a gida. Abokina ya lura, ya ce in koma in ɗauko, ko in kwance addar mu yi kamar kowa. Na yi masa dariya a gaban mutane, na ce tsoro yake ji shi ya sa yake neman hanyar gudu. Ya ɗauki nasa hannun gem ɗin, ya ɗan matsa gefe. Ni kuma na zura igiyar a wuyan hannuna, har na ƙara naɗe ta da roba don kada addar ta suɓuce.

Wasa ya yi zafi. Ya matsa mani da jifa har ran jarumina ya kusa ƙarewa, ɗaki ya ɗauki ihu ana kiran mai aski. Idona ya rufe. Akwai wata sara ta musamman da mai takobin ke yi idan ka juya jikinka gaba ɗaya ka kawo hannu ta baya, ita na yi da dukan ƙarfina, daidai lokacin da abokina ya miƙo hannunsa na dama zai yi jifan ƙarshe. Na ji abin a ƙotar addar. Na san wannan jin, kullum ina jin sa a teburin nama. Jini ya yi tsartuwa har fuskar talabijin, shi kuwa ya durƙusa riƙe da wuyan hannunsa, tafin yana reto. Ta cikin jinin ina ganin jarumina yana rawar nasara.

Mutane suka yi waje a guje suna salati. Kai ka san yadda zukata suke a yankinmu, ihu ɗaya ya isa. Wani ya kwarma cewa mahara sun shigo gari. Ni kuma na fito neman babur da zai kai shi asibiti, riga jina-jina, adda a hannu, ina ta yarfe ta ta ƙi faɗuwa saboda ɗaurin da na yi mata da kaina. Ba wanda ya tsaya tambaya. Gora ta fara sauka a ƙeyata, na kife. Aka rufe ni da sanduna da duwatsu da ƙafafu, na ji haƙorana na gaba sun zube cikin bakina, haƙarƙarina ya karye. Wani ya take hannuna da takalmi, na ji ana cewa a kawo fetur. Cikin masu dukan akwai waɗanda suka sayi nama wurina da safiyar ranar, amma jini da ƙasa sun rufe mani fuska.

Abokina ne ya fito yana jan jiki, ya ratsa su, ya faɗo kaina ya rufe ni da jikinsa. Sanda ta same shi a baya kafin su ankara. Da ƙyar muryarsa ke fita, yana ta maimaita cewa ni ɗan'uwansa ne, ɗan mai fawa ne, wasa ne, kada su kashe ni. Jininsa na zuba cikin kunnena har ya suma a kaina.

An kai mu asibiti tare. Ni na warke, sai giɓi. Shi an ɗinke hannun, amma jijiyoyin sun tsinke, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa har yau. Kilifa ta gagare shi, ya rufe shago, ya koma wurin kawunsa a Bakura yana tsaron gonar albasa. Baba bai doke ni ba, bai zage ni ba. Ya dai ce daga yau abincin tsohuwar nan a wuyana yake, kuma ina yi. Na je neman gafara ina kuka, abokina ya ce ya yafe tun muna kwance a ƙasa, har ya tsokane ni cewa giɓin ya yi mani kyau. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ban ce gem haramun ba ne, gem bai sari kowa ba. Ni ne na kai kayan sana'a wurin wasa don kada a yi mani dariya, aka gargaɗe ni na mayar da gargaɗin abin ba'a. 'Yan'uwana samari, musamman mu da muka tashi da ƙarfe a hannu, ku bar shi inda ake aiki da shi. Idan an cinye ku, ku yi dariya ku koma gida. Masu gidajen gem kuma, kada cikar ɗaki ta rufe maku baki.

Kwanan baya mun je wani suna a Morai tare da shi. Aka kawo tuwo, ya sa hannun hagu. Wani dattijo da bai san shi ba ya daka masa tsawa, ya tambaye shi ko ba a koya masa tarbiyya a gidansu ba. Na buɗe baki zan yi bayani, abokina ya taka mani ƙafa. Ya ba dattijon haƙuri, ya janye hannunsa, ya ce dama ya ƙoshi.