Katakon Inna Mai Ƙusa Biyu

Ranar Laraba ta farko a watan Disamba na 2003, ina da shekara goma, na tsaya a kasuwar unguwarmu ta Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon a Faransa, na cusa hannuwa cikin hammata saboda sanyi, ina kallon duk abin da mahaifiyata ta mallaka a shimfiɗe. Kwali tara ne na ƙwallayen gilashi, ja da ruwan zinariya da shuɗi, irin waɗanda Faransawa ke ratayawa a itacen bikinsu na Nowel. Sai gefen tebur da bai fi kamu biyu ba, wanda Alhaji Isuhu, mutumin Maraɗi mai sayar da safa da huluna, ya ara mata zuwa ƙarshen wata. Sai kuma kunnuwanta biyu, da babu komai a cikinsu in ban da tsinken tsintsiya, domin 'yan kunnenta na zinariya ta sayar ta sayi kayan. Alhaji ya faɗa mata gaskiya tun farko: in kayanta suka jawo mutane, gefen teburin ya zama nata, in ba haka ba, akwai ɗan ƙanensa da ke jira. Baba ma ya faɗa mata tasa ta wayar tarho: "Mariyama, sau ɗaya ne. In bai yi ba, ki zauna ki kula da yara."

Mutane sun tsaya, ba za a ce ba su tsaya ba. Mace za ta ɗauki ƙwallo ta ɗaga shi ga haske, ta juya shi, ta taɓa ɗan zoben ƙarfen da ke kansa, ta yi wata tambaya, ta ajiye ta wuce. Inna ba ta jin Faransanci a lokacin, ni ce bakinta. Da aka yi ta maimaita tambayar sai ta zungure ni ta ce, "Ke wannan, me suke cewa ne?" Ni ce ta fari, don haka ba ta kama sunana. Na ce mata suna tambayar ina igiyar. Ta ce wace igiya? Muka dubi teburin da ke fuskantar namu, inda wani Bafaranshe ke sayar da irin kayanmu, kowane ƙwallo da ɗan zarensa mai ƙyalli a ɗaure. A nan muka gane dalilin da ya sa mai sarin ya sakar mata su da araha yana ta murmushi. Inna ba ta taɓa yi wa itace ado ba tunda aka haife ta. Ta ga abu yana sheƙi, ta ga mutanen gari suna rububinsa, ba ta taɓa tambayar kanta yadda yake hawa reshe ba.

Sai an san zaman da take yi kafin a san abin da wannan gefen tebur yake a wurinta. A Zinder ta tashi, gidan maƙeran azurfa, kuma tun tana yarinya take talla, daga goro zuwa turare zuwa zannuwa. Da Baba ya kawo mu Faransa sai aka sa ta a bene na biyar, cikin wani dogon gini mai kama da sauran dogayen gine-ginen da ke kewaye da shi. Aikin Baba ya koma Paris, yana dakon kaya a babbar kasuwar Rungis, ba ya zuwa sai jefi-jefi. Ni da ƙanena Sani muna da lakwal, wato makaranta, muna da filin da ke tsakanin gine-gine, inda 'yan mata ke tsallen roba, maza na buga ƙwallo har mai gadin gini ya fito yana faɗa. Muna da aikinmu kuma: saukar da shara, hawa da buhun shinkafa a matakala duk ranar da asansar, injin hawa bene, ta lalace, wanke tukunyar tuwon simul na tsakin alkama da ba ta fita sai an jiƙa ta. Ita kuwa taga kawai take da ita. Na sha dawowa na tarar da ita tsaye a nan, tana kallon matan Larabawa suna jan kekunan cefanensu, tana faɗin farashin abin da ke cikin kowane keke kamar ita ta sayar musu. Takan ce, "Hannun da ya saba karɓar canji ba ya barci." Ba karin magana ba ce, tata ce, kuma da gaske take.

Ranar Larabar nan muka kwashe kayanmu cikin bas ba mu sayar da abin kirki ba. A matakala muka haɗu da Anti Rifkatu, maƙwabciyarmu, 'yar Najeriya daga kudancin Kaduna da ke karatun aikin jinya a Lyon. Ita kaɗai ce mai jin Hausa a gininmu, ita kaɗai ce kuma Inna ke shiga ɗakinta ba tare da ni ba. Da ta buɗe kwali ta gani sai ta zauna a kan matakala tana dariya har da hawaye. "Yaya, wa ya aike ki? Da kin tambaye ni mana! Kin sayo guga babu igiya." Inna ta ce mata ta gama dariyar ta tashi ta nuna mata itacen. A ɗakinta akwai wani ɗan ƙarami a kan tebur, na gaske, mai ƙamshi kamar sabulu. Nan Anti Rifkatu ta nuna mana yadda ake yi, ta kuma faɗi abin da ya fi ba ta haushi duk Kirsimeti, kamar yadda take kiran bikin: zaren yakan karkace, sai ka sa hannu biyu ka buɗe shi ka tura shi a kan reshe, ganyen kuwa kamar allura, kuma in an zo cirewa sai an yi ta fama har wani ƙwallon ya faɗi ya fashe.

Da zaren ɗinki muka fara. Ni da Sani muka zauna a ƙasa muna zurawa muna ƙullawa, zaren na zamewa, ƙullin na kwancewa, har yatsunmu suka yi tsami ba mu ci rabin kwali ba. Kuma ko da mun gama, me muka yi? Mun zama daidai da Bafaranshen da ke gabanmu, sai dai nasa zaren ya fi namu kyau. Inna ta zauna a bakin gado tana kallon ƙwallo guda a tafin hannunta, ɗayan hannun kuma yana murza tsinken da ke kunnenta, kamar yadda ta saba yi tunda ta rabu da zinariyar. Can sai na ga hannun ya tsaya. Ta zare tsinken, ta zura shi a zoben ƙwallon, ta ɗaga. Ta ce, "Ashe ɗan kunne ne. Itacen amarya ce, 'yan kunne take so. Wa ya taɓa ɗaura wa amarya ɗan kunne da zare?"

Washegari ta aike ni wurin mai gadin gini in roƙo mata tsohuwar wayar lantarki da guntun katako. Anti Rifkatu ta ara mana filaya da guduma. Inna ta kafa ƙusa biyu a katakon, siririya da mai kauri, tsakaninsu tsawon gaɓar yatsa biyu. Haka ta ga mahaifinta yana yi a Zinder in zai lanƙwasa maratayin ɗan kunne. Ta ɗora waya, ta zagaya siririyar ƙusar ta dama, ta zagaya mai kaurin ta hagu, ta datse. Ƙugiya ta fito mai baki biyu, ƙaramin ya kama zoben ƙwallo a matse shi, babban ya zauna a buɗe yana jiran reshe. Ta farko ta karkace, ta biyu ta yi gajarta. Ta ciro ƙusar ta sake kafawa, sannan suka fara fitowa iri ɗaya kamar 'yan uwa. Muka tafi da guda ɗakin Anti Rifkatu. Da hannu ɗaya ta rataya shi, ɗayan hannun riƙe da kofin shayi, ta cire, ta mayar a wani reshen, ta ce, "Kai! Yaya, ki yi mini dozin biyu kafin ki kai kasuwa."

Daga nan gidanmu ya zama maƙera. Da mun dawo daga lakwal, Sani zai feɗe robar wayar, jan ƙarfen ciki ya fito yana sheƙi, Inna na lanƙwasawa, ni kuma ina fita matakala in goga bakin kowace ƙugiya a kan siminti har ta daina kartar fata. Wannan aikin ne na tsana, domin matakalar akwai sanyi, kuma ina jiyo ƙawayena suna tsallen roba a ƙasa. Na taɓa cewa ai ba kunnen mutum za ta shiga ba. Inna ta gwada wadda na kawo a bayan hannunta, ta mayar mini, ta ce, "Yara ne za su rataya. In ta soki ɗan wata, uwar ba za ta dawo teburina ba." Har yau in ana kawo mini kaya sai na shafa bakinsu da yatsa kafin in dubi takarda.

Ana cikin haka Baba ya zo hutu. Ya shigo ya tarar da falo cike da ƙwallaye a jere a kan zannuwa, ya tsaya da jakarsa a hannu. Mutum ne mai kunya da gudun magana, kuma abin da ya dame shi shi ne abin da za a ce a masallaci, mako biyu kacal bayan ƙaramar Salla, matarsa na hidimar Nowel. Inna ba ta ɗago kai ba. "Malam, ni ba biki nake yi ba, waya nake lanƙwasawa. Kai kayan abincin da kake ɗauka a Rungis, a gidan wa ake cinye su ranar?" Baba ya yi 'yar dariya ta hanci. Bayan la'asar na gan shi ya karɓi filaya daga hannun Sani, yana cewa yaron yana ɓarnar waya.

Dabarar da ta fi ƙugiyar ma a kasuwa Inna ta yi ta. Ta sa ni na roƙi mai sayar da itatuwan Nowel wani babban reshe da ya sare ya yar, ta ɗaure shi a sandar rumfar Alhaji, daidai tsayin yaro. Ba ta kira kowa ba, tunda ba ta da bakin kira. Duk yaron da ya zo wucewa sai ta miƙa masa ƙwallo ta nuna masa reshen. Yaro ya rataya da kansa, ya juya yana kiran uwarsa ta zo ta gani, kuma wace uwa ce za ta ja ɗanta ta wuce a wannan hali? Wata tsohuwa mai ciwon gaɓoɓi ta gwada da yatsunta da suka kanannaɗe, ta ce shekaru ke nan jikokinta ke yi mata ado domin ba ta iya ƙulli. Ita ba ta son ƙwallo, tana da su cike da akwati, ƙugiyar kawai take so. Na fassara wa Inna ina jin kunya, a zatona ciniki ya ɓaci. Inna ta dube ni kamar na yi hauka. Kafin mako ya zagayo muna ƙulla ƙugiyoyi zalla a 'yan ledoji, har Bafaranshen da ke gabanmu ya aiko matarsa ta saya a ɓoye. Alhaji Isuhu, da safarsa ta yi ta fita albarkacin cunkoson, ya matsar da hulunansa da hannunsa ya ƙara mata wuri, yana cewa, "Hajiya, kin fi ƙarfin kamu biyu." Ba ta je Makka ba a lokacin, amma ba ta gyara masa ba.

Ba duka kayan suka fita ba. Kwali guda ya fashe a bas lokacin da direba ya taka birki, wani kuma ya kwana har shekara ta zagayo. 'Yan kunnen ma ba su dawo ba. Da Inna ta koma wurin matar da ta saye su, ta tarar an riga an tafi da su Yamai. Ta dawo gida ta lanƙwasa jan ƙarfe biyu a kan katakonta, ta goge bakinsu da kanta, ta sa a kunne, ta ɗauki abin da ta tara ta je ta saro safar hannu da mayafai. Teburin ya zama nata rabi, daga baya ta sami nata na kanta, ta koyi Faransancin ciniki, wanda ba shi da ladabi amma ba a cutarsa.

Yau ina da shagon sari a Paris, kusa da Porte de la Chapelle, kuma duk kaka kwalaye ke zo mini daga Sin cike da ƙugiyoyin inji, kore da fari, sumul, masu arahar da ba wanda zai zauna ya lanƙwasa waya saboda su. Har sanda mai tsawo nake sayarwa ta rataya ado a ƙololuwar itace ba tare da tsani ba. 'Ya'yana ba su san sanyin matakala ba, ban kuma so su sani ba, ko da yake wani lokaci nakan ji kewar ƙarar filaya da ƙamshin reshen nan a falonmu. Inna ta koma Zinder ita da Baba. Na saya mata zinariya da ta fi waccan nauyi, tana sawa ranar Salla don kada in ji haushi, ta cire da an sauko daga idi ta ce tana ja mata kunne. Katakon yana wurina, a kan kantar shago, kusa da inda nake karɓar kuɗi. In na yi lissafin wancan Disamba, mun yi asarar kwali guda da 'yan kunne biyu, mun sami tebur, kuma Inna ba ta sake tsayawa a taga ba.