Awon Baba Tela

Ko jiya Baba Tela ya auna ka, in ka dawo yau da sabon yadi sai ya sake. Idan ka ce ai yana da awonka, sai ya zaro tef daga wuyansa ya ce, "Jikin jiya daban, na yau daban. Ɗaga hannu."

Tun yana saurayi yake wannan shago: ɗaki ɗaya a bakin titi, keken ɗinki kusa da taga, teburin yanka, dutsen guga a lungu. A nan ya ɗinka wa 'ya'yansa kayan makaranta, a nan furfura ta same shi. Bai taɓa sa tufar da wani ya ɗinka ba.

Faɗuwar farko a dokin ƙofar shagon ta same shi. Ya goge gwiwa, ya yi shiru da bakinsa. Ta biyu ba ta ɓoyu ba, don a matakalar gida ce, kuma goshi ya fashe. Autarsa ta kai shi asibiti. Likita ya duba jini, ya duba ido da kunne, bai ga abin tashin hankali ba. Ya dai ce ya riƙa miƙewa a hankali in ya daɗe a zaune, a kuma ƙara haske a matakalar.

Auta ba ta gamsu ba. "Baba, rufe shagon nan za a yi," in ji ta. "In ka faɗi da almakashi a hannu fa?"

Akwai abin da bai faɗa wa kowa ba: duk sau biyun, ji ya yi kamar an riƙe masa ƙafa ta baya. Amininsa kafinta ma da ƙafa ciwonsa ya fara, ga shi yanzu sai an kwantar an tayar. Baba Tela ya riƙa zama gaban keke yana kallon ƙafarsa ta dama kamar ba tasa ba.

Ranar da Auta ta zo karɓar makullin shagon, matarsa tana wanki a tsakar gida. Sai matar ta ɗaga wani wandonsa, ta juya shi, ta ɗauko wani.

"Malam, zo ka ga aikinka."

Bakin ƙafar kowane wando ya yi baƙi ta baya, ya zare, wani har ya huje.

"Da dunduniya kake taka su," ta ce. "Yaushe rabonka da auna kanka?"

"Ni? Awona yana kaina tun kafin in auro ki."

"Ai shi ya sa. Wancan dogon saurayin nake nema ban gani ba. Auta, miƙo min tef."

Ya tsaya a tsakar gida, matar ta durƙusa tana nishi, ta ja tef daga ƙugu zuwa idon sawu. Baya ya ranƙwafa, ƙugu ya rame, wando ya sauka. Tsayin da yake yanka wa kansa ya zarce shi da kusan faɗin tafin hannu.

"To ba ƙafar ba ce," ya ce a hankali.

"Wace ƙafa?" in ji Auta.

Sai a lokacin ya faɗa musu abin da ya daɗe yana cinsa. Ya naɗe wandon zuwa ƙwauri, ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ya hau matakala ya sauko. Ba abin da ya riƙe shi. Dariya ta ƙwace masa har da hawaye.

Auta ta daɗe tana juya makullin a hannunta kafin ta miƙa masa. "Amma ƙyallayen da ke ƙasan shagon a share su, Baba. Kuma maganar likita tana nan."

"Na ji, ranki ya daɗe."

Washegari ya buɗe shago da tulin wandunansa a kan tebur, ya rage su ɗaya bayan ɗaya. Da rana matar ta leƙo da rigunansa a kafaɗa, ta zare tef daga wuyansa.

"Saura waɗannan," ta ce. "Ɗaga hannu, tsoho."