Faifan Labbo a Duron Wake

A Birnin Kebbi, in kana son ka ga Dikko mai gyaran kwamfuta ya yamutse fuska kamar wanda ya taka kashin kare, shiga shagonsa ka ce masa aikinka ya ɓace, kuma ba ka ajiye kwafinsa a ko'ina ba. Ba zai yi maka faɗa ba. Kallonka zai yi daga hula har takalmi, ya ja dogon tsaki, sannan ya karɓi kwamfutar da yatsu biyu. Ɗalibai sun sha wannan kallo, 'yan kasuwa sun sha, har wani alhaji mai injin casar shinkafa a Ambursa ya sha, ya fita yana cewa yaron nan ba shi da ta ido.

Ƙyanƙyami kuwa da shi aka haife shi. Ɗan Argungu ne, ɗan masunta, amma tun yana ƙarami ƙarnin kifi ke tayar masa da zuciya. Mahaifinsa Labbo yakan dawo daga kogin Matan Fada da homa da gora, jiki duk laka, yara su ruga su tarye shi, shi kuma Dikko ya toshe hanci ya zagaye bayan ɗaki. Labbo bai taɓa dukansa a kan haka ba, dariya kawai yake yi. Da Dikko ya gano kwamfuta a makaranta, abin da ya fara burge shi shi ne ba ta wari.

Ya zo Birnin Kebbi ya kama shago. Tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi suka yar yake tsintowa, ya wanke musu ciki, ya ɗora musu Linux, manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya buɗewa ya ga yadda aka ƙera ta. Da irinsu ya haɗa wata babba da yake kira saba, ya ajiye ta ƙarƙashin tebur, tana riƙe wa mutane ayyukansu. Ya tsara mata ta riƙa kwafe komai da kanta zuwa wani faifan ajiya da ke cikin durowa. Wa'azinsa kullum ɗaya ne: abin da ke wuri guda, ɗauka ba ka da shi.

Sai da Labbo ya tsufa, ido ya tafi, sannan kunya ta kama Dikko. Ya lura tsohon nan yana ɗauke da kogi guda a kansa, sunan kowane gurbi, inda giwan ruwa ke kwanciya, kirarin masuntan da suka riga mu gidan gaskiya, kuma ba ɗan da ya tsaya ya koya. Ya shiga zuwa Argungu da na'urar ɗaukar murya. Ya zauna a tabarmar da ke ƙarnin kifi, yana haɗiye miyau, tsoho na ba da labari. Damina ta wuce, wata ta zo, suna yi. Da Labbo ya rasu, muryar nan ita kaɗai ce gadon da Dikko ya damu da shi.

Ya yi abin da yake koya wa mutane. Kwafi ɗaya a saba, ɗaya a durowa, na uku ya zuba a sabon faifai ya kai Argungu wajen Goggo, yayar Labbo, wadda ta goye shi yana jariri.

"Goggo, muryar Baba ce a ciki. Ki aje min inda ruwa da ɓera da yara ba sa kaiwa."

Ta karɓa da hannu biyu. "Bar shi wurina, ɗana. Ko ƙuda ba ya sabka bisa nai."

Daga nan in ya kira ta a waya yakan tambaya, ta ce yana nan lahiya lau. Hankalinsa ya kwanta, bai ƙara cewa a fito da shi ya gwada ba.

Abin da ya ci shagon Dikko ba ambaliyar kogi ba ce, da ma da sauƙin haƙuri. Kwata ce. Mutanen layinsu sun mai da magudanar ruwa juji, leda, ragowar tuwo, ƙunzugun jarirai, hanjin kaji, duk a ciki, su kuma su wuce da fararen kaya suna ƙamshin turare. Wata Juma'a aka tafka ruwa yana can wajen ɗaurin aure a Augie. Kwata ta toshe, ta juyo cikin shaguna. Da ya buɗe ƙofa washegari, baƙin ruwa mai kumfa ya kwararo masa a ƙafa, ga mataccen ɓera yana yawo kusa da saba. Durowa ta cika da laka mai tsutsa. Ya fito ya yi amai a bakin titi, maƙwabta na ta yi masa jaje, su da suka zuba sharar da hannunsu.

Saba ta ƙone, faifan durowa ya sha laka har ciki. Ayyukan mutane bai ji su sosai ba, don ya tilasta wa kowa riƙe kwafinsa. Muryar Labbo ce ta rage a wuri guda. Ya hau mota sai Argungu.

Goggo ta ji labari, ta yi salati, sannan fuskarta ta washe, irin ta wanda ranarsa ta zo. Ta ja shi ɗakin hatsi, ta nuna masa duron ƙarfe da aka liƙe bakinsa da leda da roba. A nan take ajiye irin wake. A gidan manomi ba abin da ake tsaro kamar iri, don haka a nan ta ga ya dace da muryar ƙanenta.

Ana buɗewa wari ya bugi Dikko, kamar an kwaɓa tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. Ya san warin. Ƙwayar nan ce ta kashe ƙwarin hatsi, wadda ake ƙullewa a tsumma a jefa cikin duro. Ya kuma san abin da Goggo ba ta sani ba: hayaƙinta na cin jan ƙarfe, irin wanda ke jikin faifai.

"Kowace kaka sai na sake sa sabuwa," in ji ta, tana tona waken. "Bana ma biyu nis sa, sabadda ajiyarka."

Ta zaro faifan, naɗe cikin ɗankwalinta na sallah. Ya warware. Bakin da ake soka waya ya yi kore, ya yi baƙi, yana taɓawa ya marmashe a yatsansa. Waken kuwa sumul, ko huda ɗaya babu.

"Ka gani? Ƙwaro bai taɓa shi ba."

"Bai taɓa ba, Goggo."

Tsakin da ya saba ja wa mutane ya taso masa har maƙogwaro, ya rasa wanda zai ja wa. Tsohuwa ta ba da wuri mafi daraja a gidanta. Shi ne mai sanin, shi ne ya yi shekaru yana tambayar lafiyar faifai a waya kamar mai gaida maras lafiya. Ƙyamar kansa ta kama shi, fiye da ta kwata.

Ya koma Birnin Kebbi ya duƙufa. Ya nemo faifai irinsa, ya cire allon cikinsa ya dasa wa na Labbo. Ya sa manhajar ceto ta bi shi a hankali, tana tsallake inda ya mutu, tana komowa. Faifan ya yi ta ƙas-ƙas, rannan ya yi shiru gaba ɗaya. Abin da aka tsamo tarkace ne, sai guntu ɗaya tak da ya yarda ya buɗe.

Goggo ta dame shi da aike, tana son jin ƙanenta. Ya rasa ƙaryar da zai yi, ya tafi. Ta shimfiɗa tabarmar nan ta Labbo a tsakar gida, ta gyara lulluɓi, ta zauna kamar mai jiran baƙo. Dikko ya buɗe kwamfuta, ya danna guntun.

Aka ji kaji, aka ji tari. Sannan muryar Labbo, garau, kamar yana zaune a gefensu.

"Ya kama, Dikko? In hwara?"

Goggo ta matso, ta karkata kunne, tana murmushi.

"Hwara, Labbo. Muna jin ka."

Nan guntun ya ƙare. Dikko ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma, ita kuma tana jira.