Malam Inuwa Mai Rediyo, Wanda Ya Dawo Mana da Baba Falo

Da hantsi Malam Inuwa yake buɗe rumfarsa a Ƙofar Kibo. Ya share gabanta, ya shimfiɗa buhu a kan tebur, ya jera kayan aikinsa, sannan ya zauna. Ka kawo masa rediyo ko amfilifaya ka ce sabuwa ce dal, ba zai musa ba, amma sai ya juya bayanta ya duba ko an taɓa kwance ta, ya sunsuna ko zai ji ƙauri. Shekara talatin da takwas ke nan yana haka. Yanzu ido ya fara gazawa, ya ce bayan babbar sallah zai ajiye aikin. Ni ɗinkin hula nake yi, ban yi nisa a boko ba, amma na ga bai kamata ya tashi ba a ce komai ba.

Ladanin unguwarmu shaida ne, lasifikar masallacinsa da aka ce ta mutu a sayi wata, Malam Inuwa ya ƙi yarda sai da ya bi wayar ya gano inda ɓera ya ci. Tawa shaidar a gidanmu take.

Mahaifinmu, Malam Abdulhamid, kunnensa ya yi nauyi. Yana jin ƙarar talabijin amma ba ya rarrabe magana, kuma ba ya son a ga yana tambaya. Sai ya daina zama da mu, ya koma zaure shi kaɗai har wata shida. Yayana Haisam, da ke aikin ofis a unguwar Kongo, ya ce a sayi hom tiyata, wato amfilifaya da jerin lasifikoki da ake jona wa talabijin. Ya ga amfilifaya biyu a wani shago, ɗaya mai ƙarfi, ɗaya mai ɗan makirfo da ke auna ɗaki ta saita sauti da kanta. Da muka nemi shawara, Malam Inuwa ya ce ƙarfi ba shi ne matsalar Baba ba, mu ɗauki mai makirfon, amma kada mu yarda da abin da aka rubuta a kwali, kuma sai mai shago ya amince zai karɓi abinsa in bai yi ba. A hanya Haisam ya ce tsohon mai gyaran nan so yake abin ya gaza ya sayar mana da wani tsohon kayansa. Ban ɓoye ba, ni ma na yi wannan zargin.

Da aka sayo, Haisam ya bi takardar bayanin da ke cikin kwalin tsaf. Ya fitar da kowa, ya ɗora makirfon a kan kujerar tsakiya, na'urar ta yi ta fito da tsuwa har ta gama awo. Sauti ya fito har ƙasa tana rawa. Baba ya zauna minti biyar, ya ce ma sha Allah, ya ɗauki takalminsa ya koma zaure.

Washegari Malam Inuwa ya zo. Bai taɓa komai ba, ya tambaya ina Baba yake zama. Muka nuna masa darduma a jikin bango, kusa da ƙofa.

"To ai na'urar ba ta yi ƙarya ba," in ji shi. "Kujera ta saita wa, kujera kuwa ba ta da kunne."

Baba ma yana da nasa zargin. Ya ce abin da ke sauraron ɗaki, wa yake kai wa maganar gidan mutum? Malam Inuwa bai yi dariya ba. Ya ce shi ma ba zai rantse kan abin da bai buɗe cikinsa ba, amma in an gama awo zai cire makirfon ya ba shi ya ajiye. Ya sauke lasifikar tsakiya daga kan kabad, ya tara matasai a kan dardumar daidai tsayin kunnen Baba, ya ɗora makirfon a kai, aka sake awo. Duk da haka bai yarda ba. Ya rage rugugin, ya ɗaga muryar masu magana da hannunsa.

Aka kunna labarai. Baba ya ce yana ji sarai. Malam Inuwa ya ce, "Malam, ka san ni na san ka. Wane gari ya ambata yanzu?"

Baba ya faɗi garin, ya ƙara da sunan hakimin. Haisam ya fara bayanin yadda na'urar take aiki, sai Baba ya ɗaga masa hannu, "Kai, yi mana shiru, ana magana."

Malam Inuwa, kai ne mai kunnen da ba a ruɗa shi da ƙara. Mun zarge ka, ka sani, ka kuma zo. Na gode, Allah Ya ƙara maka lafiyar ido, Ya sa ka huta cikin rufin asiri. Masu gyara da ke tasowa, kafin ku taɓa rimot, ku fara tambayar inda mai gidan yake zama.