Ƙarƙashin Matashin Jamilu

Har gobe ba zan manta da Asabar ɗin da aka aike ni dubiya Manchester da sunan jami'a ba. Duk lokacin da na ji ku matasan da kuka shigo aikin nan kuna musu a kan ko ya dace a riƙa biyan 'yan ƙwallon jami'o'i, kamar yadda aka fara a Amurka, ita nake tunawa, kuma har yanzu kunyarta ba ta sake ni ba.

A lokacin ina aikin gashin ƙashi a sashen wasanni na wata jami'a a Birmingham, ba sai na kama suna ba. Ni ke duba 'yan wasa kafin su shiga fili, in zauna a gefe da jakata, in kula da wanda ya ji rauni har ya miƙe. Sama da ni akwai daraktan wasanni, Mista Derek, Bature mai fara'a wanda bai taɓa ce wa kowa a'a ba, sai dai ya ce za a duba. Ga wanda bai san tsarin ba, a nan ɗalibi ba ya karɓar albashi don ya buga wa makarantarsa. Ana wasannin jami'o'i ranar Laraba da yamma, kuma 'yan kaɗan da suka fi ƙwarewa ake ba ɗan tallafi. Sharaɗinsa ɗaya ne: kana buga wasa ana sabunta maka kowane zango, ka daina a daina.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Gwamnati ta rage abin da take ba jami'o'i, kowacce ta bazama farautar ɗalibai daga ƙasashen waje. A nan Jamilu ya yi mana rana. Ɗan Arewa ne, yana karatun injiniya, kuma shi ne ɗan wasan gabanmu. Aka ɗauki hotonsa yana tsalle da rigarmu, aka manna a jikin motocin bas, aka buga a littafin tallan da ake kaiwa Abuja da Kano. Ana sayar da tikitin babban wasan shekara da fuskarsa, shi kuwa ko sisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Waɗanda suka turo shi karatu sun biya kuɗin makaranta, amma na abinci da haya sai sun ga dama, don haka da wannan ɗan tallafin yake biyan ɗakinsa a unguwar Perry Barr. Shekara ɗaya ta rage masa ya gama.

Wata Laraba cikin sanyi muka je wasa Manchester. Ana dab da tashi wani mai tsaron baya ya shigo masa da ƙafa, daga inda nake zaune na ji ƙarar. Ƙwaurinsa ya karye gida biyu. Aka kwantar da shi a wani asibiti a Oxford Road, aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Likitan ya ce maganar ƙwallo a ajiye ta tukuna, ta yiwu ma har abada.

Ranar Juma'a Mista Derek ya kira ni ofis. Ya miƙo mini rigar ƙwallo da 'yan wasa suka sa wa hannu, ya ce in kai masa, kuma in lallaɓa in sanar da shi cewa daga zango mai zuwa ba za a sabunta tallafin ba. Na ce ai da rigarmu a jikinsa ya karye. Ya ce ya sani, abin bai yi masa daɗi ba, amma ba shi ya rubuta dokar ba, kuma ni zan fi iya faɗa masa da harshenmu. Na karɓi rigar. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Da na isa asibitin na tarar da abin da ban zata ba. Labari ya zaga ta masallaci cewa akwai ɗan Hausa a kwance ba shi da kowa a garin, sai ga Hausawan Manchester a jere a baranda, don ma'aikaciyar jinya ta ce mutum biyu-biyu za su riƙa shiga. Yawancinsu ɗalibai ne, ba wanda ya taɓa ganin Jamilu. Kowa ya shiga ya ce sannu, ya yi addu'a, in zai fita ya tura hannu ƙarƙashin matashi kamar yana gyara masa kwanciya. Na san wasunsu su ma wata da watanni ba a turo musu komai daga gida ba.

Babbarsu ita ce Dakta Bilkisu, likitar yara da ta daɗe a garin, kowa Hajiya yake ce mata. Tare muka shiga. Ta ajiye kular farfesu, ta dube ni da ledar da ke hannuna.

"Malam Nasiru, kai ne na uni ɗinsu, jami'ar nan? To alhamdulillahi. Me suka ce a kan rent ɗinsa, kuɗin hayar nan? Don mun fara maganar karo-karo, in babu wani tsari mu sani."

Na fito da rigar na shimfiɗa a kan gado. Ta kalli rigar, ta kalle ni, tana jiran sauran. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mu an raine mu a kan cewa gidan da kake ci a cikinsa ba ka tona masa asiri a gaban baƙi, kuma ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce, "Makaranta na sane da shi, Hajiya." Na zaro kuɗin da na cira daga na'urar banki a tasha don hidimar gidana, na tura ƙarƙashin matashin, na ce wannan somin-taɓi ne daga wajensu.

Fuskarta ta saki. Ta ce, "Madalla, ashe suna da kirki. To bari mu mayar da hankali kan wata ɗaliba da ta haihu, ita ba ta da kowa." Ta yi masa addu'a ta fita, sauran suka bi ta.

Muka rage ni da Jamilu. Ya yi magana yana kallon rigar, bai ɗago ido ba.

"Yaya Nasiru, na gode, Allah ya saka. Amma uni ba ta sa kuɗi a ƙarƙashin matashi. Shekara biyu ina buga musu, ko lemu sai mun sa hannu ake ba mu. Wannan hannun Bahaushe ne."

Ya ce tun yana kwance a fili ya san bursary, wato tallafin nan, ta tafi, ai shi ya amince da sharaɗin. Abin da ya dame shi daban ne. "Yanzu Hajiya ta tafi da cewa ina da gata. Ni kuma ba zan iya buɗe baki in roƙe ta ba."

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Na rufa wa masu gini da filaye asiri, na bar yaron da ba shi da ko kuɗin ɗaki a tsirara. Na fita da sauri, ni da furfura ta fara fito wa, ina kutsawa tsakanin ɗalibai a Oxford Road. Na same ta a wajen jiran bas. A nan tsaye, motoci na wucewa, na faɗa mata komai: saƙon da aka ba ni, da rigar, da kuɗin da ba na makaranta ba. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Malam Nasiru, su da suka aiko ka ba su ji kunya ba. Kai ka ɗauko ta tun daga Birmingham ka zo ka ji musu." Ta bar bas ɗinta ta wuce, ta ciro waya ta fara kiran mutane.

Hausawan Manchester da na Birmingham suka haɗa hannu suka riƙe masa haya har ya gama karatu. Bai sake buga ƙwallo ba, kuma in sanyi ya yi yawa har yau yana ɗingishi. Ranar Litinin bayan dubiyar na koma na gaya wa Mista Derek cewa ya kamata a gyara dokar, wanda ya ji rauni a wasanmu kada a yanke masa. Ya ce za a duba.

Ni ba zan yanke muku hukunci a kan albashi ba, na san akwai masu tsoron kuɗi zai ɓata wasan, kuma ba su rasa hujja ba. Abin da na koya dai shi ne, a wannan sana'a kuɗin yana nan ko an biya ɗan wasa ko ba a biya ba, tambayar kawai aljihun wa yake shiga, kuma wa zai ɗauki nauyi ranar da ƙafa ta karye. In aka aike ku da saƙo mara daɗi, ku isar da shi yadda yake, kada ku saka masa riga. Mai kunyar ya ji abarsa.

Hoton nan bai sauka daga jikin motoci ba sai da bazara ta zagayo. Wata safiya ina Perry Barr na hango Jamilu yana ƙoƙarin hawa bas da sanduna biyu, direba na jiransa, ga shi kuma a jikin motar yana tsalle da rigarmu. Na tsaya a bayan wani shago har suka wuce, don ban iya haɗa ido da shi ba.