Ranar da Gwaggo ta Shanye Haɗin Fuskata

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ranar da gwaggon maigidana ta fara zuwa gidana a Gwaram. Yanzu ma da na zauna rubuta labarin, sai da na yi dariyata mai isata tukuna.

Ina amarya a lokacin. Daga Birnin Kudu aka kawo ni, kuma ban daɗe da tarewa ba aka tura ni koyarwa wata firamare a Sara. Kullum a kan babur nake zuwa in dawo, rana ta dake ni, iska ta dake ni. Kafin a jima fuskata ta bushe ta yi duhu, kumatu suka yi furu-furu, in na yi murmushi sai in ji fatar tana ja kamar za ta tsage. Abokan aikina suka yi ta kawo mini sunayen mayukan da ke sa mutum fari nan da nan, amma na ga yadda irinsu suka ƙone wa wata maƙwabciyarmu kunci. Sai na kira yayata, wadda ke yi wa amare gyaran jiki a Birnin Kudu. Ta ce in nemi kindirmo mai kyau da zuma, su za su jiƙa fatar ta yi laushi, in ƙara garin shinkafa da ɗan kurkum don haske. Ta nanata mini cewa kurkum ɗin kaɗan ake sawa. Ni kuwa da zumuɗi na zuba cokali cike har da tozo.

Ranar wata Asabar da hantsi na kwaɓa haɗina a kwanon tangaran na cikin jerena, don shi ya fi kusa da hannuna. Na shafe fuskata da rabi, na rufe sauran na bar shi a kan teburin falo. Na shige uwar ɗaki na miƙe a gado, na ɗora yankan kokwamba a idanu, ina ta hasko yadda zan shiga makaranta ranar Litinin ina sheƙi.

Ita wannan Gwaggo ita ta raini maigidana a Dingaya bayan rasuwar mahaifiyarsa, don haka ita ce surukata. Ciwon ƙafa ya hana ta zuwa biki, ba mu taɓa haɗuwa ba, amma na sha labarinta. An ce ba ta dariya. An ce ta faɗa a gaban jama'a cewa 'yan matan yanzu ba abin da suka iya sai shafe-shafe, kuma za ta zo ta ga abin da ɗanta ya kwaso. Ashe ranar ce. Maigidana ya turo mini saƙo cewa ya tafi tasha ɗauko ta, wayar kuwa tana can tana caji.

Ina kwance na ji sallamarsa, na ji muryar dattijuwa a bayansa. Ban san lokacin da na faɗa banɗaki ba. Na wanke, na sake wankewa. Kindirmo ya fita, zuma ta fita, kurkum ya ce yana nan daram. Madubi ya nuna mini wata mata rawaya kamar cikin kabewa. Ina cikin dirzar sabulu sai na jiyo ƙarar cokali a jikin tangaran. Wato maigidana ya ga kwano a rufe, ya ɗauka na ga saƙonsa na shirya wa baƙuwa abin tarba, ya miƙa mata cike da alfahari.

Na zumbula hijabi na jawo shi har kan hanci, na fito na durƙusa na gaishe ta. Gwaggo na kankare gindin kwano da ɗan yatsa. Ta amsa da sakin fuska, ta ce ita dai ba ta taɓa shan fura irin wannan ba, ga zaƙi ga ƙamshi, ashe ɗanta ya yi dace. Maigidana sai wani ƙara buɗe kafaɗu yake. Sannan ta ce, "Buɗe fuskar mana, 'yar nan, in ga 'yata."

Na buɗe. Ta dubi fuskata, ta dubi kwanon, ta dubi ɗan yatsanta da ya rine. Maigidana ma ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sai ya tuna wai ya bar babur a rana, ya fice har yana tuntuɓe.

Ba inda zan gudu. Kaina a ƙasa na faɗa mata komai, tun daga bushewar fuska har zuwa abin da ta gama sha yanzu. Ina gamawa na fara tunanin yadda labarin zai karaɗe Dingaya.

"Da hannu kika riƙa ɗiba, ko da cokali?"

"Da cokali, Gwaggo."

"To alhamdu lillahi. Ke kin gyara fuska, ni na gyara ciki."

Sai ta fashe da dariya, irin wadda ba ta da sauti sai girgizar jiki, har ɗankwalinta ya zame. Ni ma ta kufce mini, muka yi ta yi har hawaye. Da ta sarara ta ce ita abin da take tsoro man bilicin ne, amma abin da ciki ya karɓa ai fuska ba za ta ƙi shi ba. Ta shafa kuncinta ta ce nata ma ranar gona ta gama da shi, in tashi in kwaɓo wani.

Haka muka shimfiɗa tabarma muka kwanta jere, fuskoki a shafe da haɗi, tana ba ni labarin yadda suke narka man kaɗanya su shafa suna 'yan mata, ina roƙon ta ta daina sa ni dariya kada haɗin ya tsattsage. Maigidana ya dawo da ƙullin tsire na ban haƙuri, ya leƙo ya gan mu, Gwaggo ta ce ya ajiye ya ba mu wuri, mata na aiki.

Ranar Litinin da sauran rawayata na je makaranta, har shugabar makaranta ta ja ni gefe tana tambaya ko ciwon shawara ne ya kama ni. Daga baya na koyi auna kurkum, fuskata ta yi laushi ta dawo da haskenta. Gwaggo kuwa ta zama uwata ta biyu har ta koma ga Allah.

Abin da na koya shi ne, in abin kunya ya ritsa da kai, ka faɗi gaskiyarsa a take tun yana abin dariya. Kuma kada ka gama yanke wa mutum hukunci da labarin da aka ba ka, sai kun zauna a tabarma ɗaya.