Kanumfarin Kawu Tafinta

Jiya na ga farar mota mai tutar Birtaniya a Titin Bauchi, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Shi ke yi wa jami'ansu na kasuwanci tafinta idan sun zo Jos ganawa da manoman dankali. Kullum kafin ya fita sai ya tauna kanumfari, wai don magana ta fito da ƙamshi.

Lokacin da nake koyon aikin, mun je wani ƙauye tare. Wata tsohuwa ta miƙa wa Baturiyar da muka raka ruɓaɓɓen dankali yana ɗiga, ta ce wa Kawu, "Gaya mata sun sha zuwa da littafi da kyamara, amma mai saye har yau ba mu gani ba."

Kawu ya juya da Turanci ya ce, "Mama tana godiya da ziyara."

A hanya na tambaye shi dalili. Ya ce, "Ɗana, in na faɗa, ba za su dawo ba. In na ɓoye, ba abin da zai canza. Wanne zan ɗauka?"

Yau ni ke riƙe da aikinsa, ga kanumfari a aljihuna. Allah ya hutar da Kawu inda ba sai ya haɗiye maganar kowa ba.